Ƙaya a Yatsa: Ma'aikatan Jinya a Tarihin Zazzaɓin Lassa

Kwana ashirin da ɗaya na yi ina auna zafin jikina safe da yamma, ina rubuta abin da na gani a bayan wata tsohuwar kalanda. A cikin hunturu abin ya faru, ina shekara ta bakwai da kama aikin jinya a wani babban asibiti. An kawo mana wata mata mai juna biyu da tsakar dare, jikinta zafi rau, tana kukan maƙogwaro da ƙirji. An riga an ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro a gida, an bi da na taifot, babu wanda ya yi tasiri. Ni na ɗaura mata ruwa, ni na share mata baki da ta yi amai. Safar hannu ta ƙare a ɗakin tun magariba, 'yan'uwanta da aka aika kemis kuma ba su dawo ba. Sai da na zo wanke hannu sabulu ya yi mini zafi a ɗan ali, na tuna wuƙa ta yanke ni da safe wajen yankan albasa. Bayan kwana huɗu sakamakon gwaji ya dawo, aka ce zazzaɓin Lassa ne. Kafin nan matar ta riga mu gidan gaskiya.

Aka sa sunana cikin waɗanda za a sa wa ido. Na raba ɗaki da ɗana mai shekara uku, na ware kwanona da kofina. Mahaifina ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa, ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, “Uwata, tun farko ban so miki wannan aikin ba. In Allah ya fitar da ke lafiya, ki nemi koyarwa.” Na ce, “To, Baba.” Ba ni da wata amsa a ranar.

Zaman jira ya sa na shiga karanta tarihin cutar da nake tsoro, domin an ce waiwaye adon tafiya. Abin da na tarar ya sauya yadda nake kallon sana'ata. Mutum uku na farko da aka rubuta cewa sun kamu da wannan cuta duk ma'aikatan jinya ne, kuma a Arewacin Nijeriya suka kamu.

Lassa ƙaramin gari ne na Margi a kudancin Jihar Borno ta yau, kusa da iyakar Adamawa. A 1969 yana cikin Jihar Arewa maso Gabas, ƙasa kuma tana tsakiyar yaƙin basasa. Akwai asibitin mishan a garin, inda wata dattijuwa Ba'amurkiya mai suna Laura Wine, wadda ta haura sittin, take aikin jinya. A watan Janairu na wannan shekarar ta fara jin ciwon baya, zazzaɓi ya biyo, sannan gyambo ya fito mata a maƙogwaro. Likitan wurin ya gwada magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta, jikin sai ƙara tsanani yake. Aka ɗauke ta a ƙaramin jirgin sama zuwa asibitin mishan na SIM da ke Jos. Washegarin isowarta ta cika.

Cikin waɗanda suka yi jinyarta a Jos akwai Charlotte Shaw. Ƙayar fure ta soke ta a yatsa a lambu, ciwon da ko yaro ba zai yi wa kuka ba. Da wannan yatsan, a naɗe da ɗan ƙyallen bandeji, ta share bakin Laura. Bayan kusan mako guda zazzaɓi ya kama ta, kuma kafin tsakiyar Fabrairu ita ma ta rasu. Da na zo wannan wurin a karatuna sai na ajiye wayar, na daɗe ina kallon ɗan yatsana. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da ta kashe Charlotte ba ta kai tawa girma ba.

Ta uku ita ce Lily Pinneo, wadda aka fi sani da Penny, babbar ma'aikaciyar jinya a asibitin. Ta yi jinyar matan biyu, ta kuma taimaki likitar asibitin, Dokta Jeanette Troup, wajen binciken gawar Charlotte. Da ita ma ta kwanta, sai aka yanke shawarar fitar da ita. Aka kai ta Legas, daga can zuwa Niyok a Amurka, inda ta yi kimanin wata biyu a gadon asibiti kafin ta tashi. An aika jininta da na marigayan biyu zuwa Jami'ar Yale, kuma a can masu bincike, ciki har da Sonja Buckley da Jordi Casals, suka ware wata ƙwayar bairos da ba a taɓa sani ba. Aka raɗa mata sunan garin da Laura Wine ta yi aiki. A watan Yuni Casals da kansa ya kamu a ɗakin gwaji. Aka ɗebi ruwan jinin Penny, wanda ke ɗauke da garkuwar da jikinta ya gina, aka ƙara masa, ya rayu. Wani ma'aikacin ɗakin gwajin, Juan Roman, bai tsira ba. Ya rasu a ƙarshen shekarar, jami'ar ta dakatar da aiki da ƙwayar aka mayar da shi cibiyar yaƙi da cututtuka ta Atlanta.

Labarin bai ƙare a nan ba. A farkon 1970, daidai lokacin da yaƙin basasa ke ƙarewa, cutar ta sake ɓarkewa a Jos, a asibitin Evangel da mutanen gari ke kira Jankwano. An kwantar da wata mata mai zazzaɓi a ɗakin majinyata, daga nan cutar ta bi gadajen da ke kusa, ta bi masu zuwa dubiya, ta bi ma'aikata. An ƙidaya mutum 28 da suka kamu, 13 suka mutu. Dokta Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawar ɗaya daga cikinsu, ta rasu a watan Fabrairu. Penny Pinneo, wadda ke da cikakken uzurin zama a ƙasarsu, ta kamo hanyar Nijeriya ɗauke da ruwan jininta a matsayin magani. Ta iso an riga an yi rashin likitar, ta koma bakin aikinta a wurin da ta kusa barin ranta.

Akwai abin da ya kamata a faɗa a nan domin adalci. Cutar ba a 1969 ta faro ba. A 1969 aka lura da ita. Ta daɗe tana kashe mutanen karkara ana cewa zazzaɓi ne, ko shawara, ko kuma ajali kawai. Sai da ta taɓa waɗanda ke da jirgin ɗauka da ɗakin gwaji a bayansu sannan aka ba ta suna. Yawancin waɗanda suka mutu a Jos a 1970 'yan ƙasa ne, amma sunayen baƙi huɗu ne suka shahara a littattafai. Wannan bai rage darajar matan nan ba ko kaɗan. Yana dai tuna mini cewa tarihin kiwon lafiya yakan riƙe sunan wanda ke da mai rubuta masa.

A 1972 cutar ta bayyana a Zorzor ta ƙasar Laberiya, ta hanyar wata mai ciki da aka kwantar a asibitin mishan. Esther Bacon, ma'aikaciyar jinya kuma ungozoma da ta shafe shekaru masu yawa a garin, ta kula da ita, ta kamu, ta rasu. Makarantar koyon jinya da ungozoma ta Zorzor tana ɗauke da sunanta har yau. A wannan shekarar ne kuma, bayan ɓarkewar cutar a Panguma ta Saliyo, masu bincike suka gano mafarinta: wani nau'in ɓera mai nonuwa da yawa, wanda fitsarinsa da kashinsa ke gurɓata hatsi da garin da aka shanya ko aka bari a buɗe. Daga ɓera take shiga mutum, daga mutum kuma take wucewa ta jini da amai da sauran ruwan jiki. Kusan kashi 80 cikin 100 na masu kamuwa ba sa jin jiki sosai, wasu ma ba sa sanin sun kamu. Amma cikin waɗanda ta kai su gadon asibiti, kimanin kashi 15 cikin 100 ke mutuwa, ta fi tsananta ga masu ciki, kuma wasu da suka tashi sukan rasa ji. Takan iya ɓuya a jiki har kwana 21, shi ya sa kalandata take da layi ashirin da ɗaya.

Me ya sa ma'aikatan jinya ne kullum a sahun farko na masu faɗuwa? Amsar tana cikin yanayin aikin kansa, musamman jinya ta gama-gari, wadda ita na karanta. Shekara uku muke yi ana zagayawa da mu ɗakin maza da na mata, ɗakin yara, ɗakin tiyata da sashen gaggawa, domin mu iya karɓar duk wanda aka shigo da shi. Likita yakan zo zagaye, ya duba, ya rubuta, ya wuce gado na gaba, domin aikinsa ke nan. Mu ne ke zama. Mu ke juya wanda ba ya iya juyawa kada bayansa ya yi gyambo, mu ke auna zafi da bugun jini, mu ke ƙidaya fitsarin da ya fita da ruwan da ya shiga, mu ke lura cewa numfashin da aka bari da isha ba shi ne na asuba ba. Wanda ke aiki a cibiyar keɓe masu cuta ya san abin da ke gabansa, ya kuma yi shiga daidai da shi. Ma'aikaciyar jinya ta gama-gari kuwa takan haɗu da cuta tun kafin a raɗa mata suna. A 1969 sunan ma babu shi a duniya. A daren da na ba da labari sunan yana nan, amma ya makara da kwana huɗu. Alamun farko na Lassa, wato zazzaɓi da kasala da ciwon kai, su ne alamun rabin mutanen da ke layin ganin likita kowace safiya.

Saboda haka kusanci shi ne jarin wannan sana'a, shi ne kuma haɗarinta. Ba a iya jinya daga nesa. Abin da ake iyawa shi ne a sa shamaki tsakanin fata da jini, kuma tarihi ya nuna abin da ke faruwa in babu shi. A 1989 cutar ta ɓarke a wasu asibitoci biyu a Jihar Imo ta wancan lokacin. Binciken da aka buga daga baya ya ƙidaya mutum 34 da suka kamu, ciki har da ma'aikatan jinya shida da likitoci uku, 22 suka mutu. An danganta yaɗuwar da maimaita amfani da allura da sirinji, da yin aiki ba tare da kariya ba. Laura Wine da Charlotte Shaw sun mutu ne a zamanin da babu wanda ya san cutar. Mutanen 1989 sun mutu bayan shekara ashirin da saninta, bayan an san ɓeran, an san hanyar yaɗuwa, har an fara gwada maganin ribavirin. Rashin sani ne ya kashe na farko. Na biyu kuwa rashin kayan da ba su kai kuɗin buhun shinkafa ba ne ya kashe su.

A nan nake da ƙorafi kan yadda ake yabon sana'armu. Duk ranar 12 ga Mayu, ranar haihuwar Florence Nightingale, akan tara mu a yi jawabai kan sadaukarwa, a nuna hoton mace riƙe da fitila tana zagaya marasa lafiya. Gaskiya ne ta isa asibitin soja na Scutari a 1854 da mata 38 lokacin Yaƙin Kirimiya, ta tarar cututtuka irin su kwalara da atuni sun fi harsashi kashe sojoji. Amma mace-macen sun ragu sosai ne bayan hukumar tsafta da aka aiko daga Landan a 1855 ta gyara magudanan ƙazanta da hanyoyin iska. Ita kanta Nightingale ta fahimci haka, ta kuma shafe sauran rayuwarta tana tara alƙaluma tana matsa wa hukumomi lamba kan ruwa da sabulu da tsarin gini, ta kafa makarantar jinya a asibitin St Thomas a 1860. An riƙe fitilarta an manta da alƙalumanta, domin yabon fitila ba ya cin kuɗi. Duk lokacin da na ji shugaba yana kiranmu jarumai, sai in so in tambaye shi kwali nawa na safar hannu ya rage a sito.

Haka aka yi a 2014, lokacin da wani matafiyi ya shigo da Ebola Legas a watan Yuli. Ƙasa ta san sunan Dokta Ameyo Adadevoh, wadda ta hana shi fita daga asibiti, kuma ta cancanci a san ta. Kaɗan ne ke tuna Justina Ejelonu, ma'aikaciyar jinya da ta fara aiki a asibitin a kwanakin da aka kwantar da shi, ta yi jinyarsa kafin a tabbatar da abin da ke damunsa, ta kamu, ta rasu. Cuta daban ce, amma labarin ɗaya ne da na Jos. Mutum 20 suka kamu a Nijeriya, 8 suka mutu, kuma abin da ya tsayar da ita har aka ayyana ƙasar ta kuɓuta a ranar 20 ga Oktoba shi ne bin diddigin waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar, da keɓewa, da kayan kariya. Da aka ga dama an samar da su cikin makonni.

Sai dai haɗari rabin damuwar mahaifina ne kawai. Ɗaya rabin shi ne abin da mutane ke faɗa, cewa jinya aikin kwashe ƙazanta ne, aikin wadda ta nemi likitanci ta rasa. Wannan kallon ma yana da tarihi, kuma tarihin yana da amsa. Malaman sira sun ambaci Rufaida al-Aslamiyya, wadda ke da tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, kuma a tantinta Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa aka kwantar da Sa'ad ɗan Mu'azu bayan an harbe shi a Yaƙin Khandaƙ. A ƙasarmu kuma akwai Kofoworola Abeni Pratt, 'yar Legas da mahaifinta ya hana ta jinya saboda yana ganin ba ta dace da 'yar gidan mutunci ba. Ta yi koyarwa tukuna, kamar yadda Baba ya so mini. A 1946 ta shiga makarantar Nightingale a Landan, ta dawo gida a 1954, kuma a 1964 ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci ma'aikatan jinya a Asibitin Koyarwa na Ibadan. Daga baya ta riƙe kwamishinar lafiya ta Jihar Legas. A tsawon rayuwarta ne aikin ya tashi daga koyon hannu a gefen Turawa ya zama sana'a mai doka: an kafa Majalisar Jinya a 1947, an buɗe makarantar jinya ta asibitin Ibadan a 1952, sannan a 1979 aka haɗe majalisar da hukumar ungozoma suka zama hukuma guda, wadda ita ce ta ba ni lasisin da nake aiki da shi.

Amma daraja a takarda daban, daraja a ɗakin majinyata daban. Abokan karatuna da dama yanzu suna Ingila da Saudiyya, kuma ban ga laifinsu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba albashi kaɗai suke bi ba. Wata a cikinsu ta ce mini abin da ya fi ba ta mamaki a can shi ne kwalin safar hannu a manne a bangon kowane ɗaki, ba mai ƙidaya mata, ba mai cewa ta rubuta wa 'yan'uwan majinyaci su sayo. Ƙasar da ke horar da ma'aikaciya shekara uku sannan ta bar ta da zaɓi tsakanin ta taɓa jini da hannu tsirara ko ta tsaya tana kallon mutum yana shaƙewa da amansa, ita ce ke koro ta da kanta.

Na fita daga kwana ashirin da ɗaya lafiya, zafin jikina bai taɓa haura ƙa'ida ba. Ba dabarata ba ce. Abin da ya samu Charlotte Shaw ya zo kusa da ni ya wuce, Allah ne ya tsare. Da na tashi komawa aiki sai na je gaishe da Baba, na zauna na ba shi labarin matan Jos tun daga ƙayar fure har dawowar Penny da ruwan jininta. Na ce masa ban ga laifin tsoronsa ba, ni ma na ji shi. Amma in kowace uwa da uba suka janye 'yarsu, ranar da Inna za ta kwanta wa za ta tarar a bakin gado? Ya saurara har na gama, ya ce, “Uwata, ita wannan safar, nawa ake sayar da ita?” Na faɗa masa. Ya ce, “Allah ya tsare,” ya tashi ya tafi masallaci.

Washegari ƙanena ya kawo mini kwali biyu a leda, ya ce Baba ne ya aiko. Daga kuɗin fanshonsa ya saya. Na yi murna, na kuma ji kunyar da ba tawa ba ce, ta waɗanda haƙƙin sayen ke wuyansu ce. Tun daga lokacin ba na shiga aiki sai da safar hannu a jakata, kuma duk ɗalibar da aka turo ɗakina koyon aiki, kafin in nuna mata fayil ko ma'aunin zafi, nakan ce, “Miƙo hannuwanki in gani.” Nakan duba yatsu goma ɗaya bayan ɗaya. In na ga yanka, komai ƙanƙantarsa, sai an manna filasta an sa safa kafin ta matsa kusa da gado. Wasu sukan yi dariya, su ce, “Sista, ɗan wannan?” Sai in ce ta jawo kujera, in fara mata daga Janairun 1969.